AGOLA A GIDAN UBANSA

Shafi na 27

Assalamu alaikum iyayen yara. Masu cewa na shanya ku, ku yi min afuwa, hidimar gida ce ta sha kaina. Bismillah.

*

Da gangan Mas'uda ta fito da hantsi, kafin mutanen Kazaure su gama karin kumallo su yi tururuwa zuwa filin wasan yaran nan na gindin tsauni. Ta san ɗanta. Musaddiƙ ba ya jure ƙara, ba ya jure turereniya, kuma ba shi da bakin da zai ce abin ya ishe shi. Shekararsa shida, ko "Umma" bai taɓa furtawa ba.

Riga ruwan goro ta sa masa, mai ɗaukar ido, don ko ya ɓalle da gudu ta hango shi daga nesa. Ta cusa masa auduga a kunne, ta ja masa hula ta rufe. Ta zubo kunun gyaɗa a fulas, tunda ba ya cin abin waje. Ƙanwarsa Ummi Kulsum kuma ta goye ta da zani biyu. Shekarar Ummi huɗu, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, amma bakinta ya ishi mutum uku.

Mijinta Sharfuddeen cewa ya yi ba zai samu kai su yawon sallah ba, mahaifinsa Alhaji Maikasuwa ya aike shi.

"Ki kai su gidan gwaggonki su yi barka da sallah, ki dawo," in ji shi yana sa takalmi.

Ta kai su kuwa. Sai dai da suka fito, mai adaidaita ya ce ina za a, Ummi ta riga ta magana.

"Wajen jirgi! Umma ta yi min alƙawari tun kafin azumi."

Mas'uda ba ta musa ba.

Filin babu kowa sosai. Ta sayi tikiti da dama a dunƙule, ta tafi wajen mutumin da ke tuƙa ƙaramin jirgin ƙasan yara, wani Malam Lauwali, ta gaishe shi.

"Malam, alfarma nake nema. Yaron nan in ya zauna wuri ba ya son a tayar da shi. Ga tikitinsa, duk zagayen da aka yi ka cire ɗaya, ka bar shi a inda yake."

Ya kalli yaron, ya kalli tikitin, ya ɗaga kafaɗa.

"In dai ba a cika ba, Hajiya."

Musaddiƙ da kansa ya zaɓi taragon gaba, jan nan mai sitiyarin roba. Ta zaunar da Ummi kusa da shi, ta cire ɗankwalin da ke jakarta ta ɗaure ƙugunta da jikin kujera. Jirgi ya tashi a hankali, ita kuma tana bin sa ta gefen shinge, takalmi a hannu.

A zagaye na biyu ta ji abin da ba ta ji ba tun da suka dawo daga Lokoja, inda mijinta ya yi aiki, inda kuma ta haife su duka biyun. Musaddiƙ dariya yake. Ya saki sitiyari yana kaɗa hannuwa sama kamar zai tashi, bakinsa a buɗe.

"Umma, kin ga Yaya! Yaya yana tuƙi ba hannu!"

Mas'uda ta sa bakin hijabi ta goge ido.

"Na gan shi, direba. Ke dai riƙe da kyau."

Ba ta ankara ba filin ya fara cika. Yara cikin kayan sallah, iyaye mata da jakunkuna, masu gugguru da masu askirim. Ta ce a ranta zagaye ɗaya ya rage su tafi. Jirgin na tsayawa aka tayar da janareto, sannan lasifikar da ke daidai saman kansu ta fasa da kiɗa, irin wanda mutum ke ji har a haƙoransa.

A daidai lokacin wani yaro mai shadda fara ya haye taragon gaba ya cafke sitiyarin.

"Sauka, ni ne yanzu!"

Musaddiƙ ya ƙwalla ƙara. Hannu biyu ya sa ya hankaɗa yaron, yaron ya faɗo ƙasa ta baki. Shi ma ya diro, ya zube a kan tsakuwa, ya fara buga ƙeyarsa da ƙasa.

Mas'uda ba ta san lokacin da ta tsallake shingen ba. Ta durƙusa, ta zura cinyarta ƙarƙashin kansa don ita ya buga, ta yaye hijabinta ta lulluɓe su su biyu. Duhu yake so in abin ya taso. Ta matse shi a ƙirji da ƙarfi, tana yi masa gunjin nan ƙasa-ƙasa da take yi masa tun yana jariri.

A waje tana jin su.

"Aljanu ne, ku matsa!"

"Farfaɗiya ce, kar yawunsa ya taɓa ku."

"To ita ma uwar, irin wannan ake kawowa cikin yara?"

Ta leƙo da kai. Wani saurayi ya saita musu waya.

"Malam, sauke wayar nan," in ji Mas'uda.

"A'a, ni fa..."

"Sauke na ce! Wasan kwaikwayo ka ga ana yi? Ɗan mutum ne. Malam Lauwali, don girman Allah a rage kiɗan nan."

Aka rage. Jikin yaron ya fara saki, sai ajiyar zuciya. Ummi na can ɗaure a kujera tana kiran "Umma, Umma" da ƙaramar murya.

"Ina uwar yaron da ya fasa wa jikana baki?"

Mutane suka dare. Wata dattijuwa ce, doguwa, cikin leshi mai ruwan ƙasa, haƙorin Makka na walƙiya a bakinta. Ta riƙo yaron mai farar shadda, leɓensa na jini, gaban rigar duk ya ɓaci.

Mas'uda ba ta tashi ba, dama a durƙushe take. Ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Hajiya. Ina wuni. Don Allah ki yi haƙuri, ba da gangan ya yi ba. Ba shi da lafiya, ƙara ce ta firgita shi."

"Ba shi da lafiya kika fito da shi? Asibiti nan?"

"Shi ma yaro ne, Hajiya. Sallah ce."

"Au, har da baki. Dubi bakin Hussain. Uwarsa amana ta ba ni daga Gwiwa, in mayar mata da shi a haka in ce me?"

"Ga ruwa a jakata, ga auduga. Bari in wanke masa."

"Riƙe kayanki. Hannun da bai iya riƙe nasa ba."

Mas'uda ta haɗiye. Laifin ɗanta ne, ta sani, kuma matar ta haife ta. Ta buɗe baki za ta ƙara ba da haƙuri, sai ta ji wata murya da ta sani kamar yunwar cikinta.

"Hajiya Shatu, lafiya? Me ya sami Hussain? Wace marar tarbiyyar ce..."

Maganar ta maƙale.

Halima Sa'adiyya ce, yayar mijinta, babbar 'yar Alhaji Maikasuwa, wadda a gidan surukan Mas'uda ba a yanke magana sai ta zo. Ta tsaya da jaka a hannu, ido waje, kamar ta taka maciji.

"Mas'uda?"

"Ina wuni, Yaya."

Dattijuwar ta kalli wannan, ta kalli waccan.

"Kin san ta ne, Halima?"

Halima Sa'adiyya ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ai... matar Sharfu ce."

"Af!" Hajiya Shatu ta tafa hannu, fuskarta ta sake nan take. "Ke ce amaryar tamu ta Babura? Ikon Allah, dubi inda muka haɗu. Ni ce gwaggon Halliru, mai neman ƙanwar mijinki Sadiqa. Tashi, tashi 'yata, ai an zama ɗaya. To waɗannan su ne agololin?"

Mas'uda ta ɗago kai.

"Na'am?"

"Yaran da kika zo da su. Ai an faɗa mana. Kai, Allah Ya saka wa Sharfuddeen da alheri. Riƙon ɗan wani ma da lafiyarsa aiki ne, balle irin waɗannan har biyu. Shi uban nasu yana raye kuwa? Yana aiko musu da wani abu?"

Kunnen Mas'uda ya yi ɗif. Tana ganin bakin matar na motsi, ba ta jin komai. Ta juya ta kalli Halima Sa'adiyya. Ita kuwa ta ƙura mata ido, ta ɗan girgiza kai, irin girgizar da ke cewa ki kuskura ki gani.

"Hajiya, bari in taya ta kai yaran inuwa," Halima ta faɗa da sauri. "Ki zauna a rumfa, yanzu zan dawo. Hussain, yi haƙuri ka ji, angona, za a kawo maka askirim."

Da kanta ta kwance Ummi daga kujera, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haifi yarinyar, ta ɗauke ta kamar an ba ta riƙon ƙullin wanki. Ta damƙi hannun Mas'uda. Ba ta sake ta ba sai da suka zagaya bayan wani shagon lemo, inda babu kowa sai tulin kwalabe.

Ta dire Ummi a kan benci.

"Uban wa ya ba ki izinin zuwa nan?"

Mas'uda ta zaunar da Musaddiƙ, ta gyara masa audugar kunne, ta zuba kunu a murfin fulas ta miƙa masa. Sai da ta ga ya kai baki sannan ta miƙe.

"Yaya, me matar nan ta kira 'ya'yana?"

"Tambayarki nake. Gidan gwaggonki aka ce ki je. Nan ne gidan gwaggon taki?"

"Me ta kira su?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Agola ta ce. 'Ya'yan da na haifa a ɗakin ƙaninki, da sunan da Alhaji ya aiko aka raɗa musu. Wa ya ce mata da su na zo?"

Halima Sa'adiyya ta leƙa ta gefen shagon, ta dawo, ta matso har suna jin numfashin juna.

"Ni na ce. Sai me?"

"Ke?"

"Ni. Kuma ba ni kaɗai ba, gida ne ya zauna ya yanke. Ke kin san abin da ake kira bincike kuwa? Ko a garinku haka ake ɗaukar mace kamar an sayi tunkiya? Mutanen Halliru sun turo a bincika asalinmu. Wannan matar da kika gani ita ce idonsu, ita ce kunnensu. Abin da ta faɗa a Gwiwa shi ke nan. Tambayar farko da ta yi, akwai wani ciwo a dangi? Akwai taɓin hankali? An ce mata an ga wasu yara a gidan. Me kike so mu ce?"

"Ku ce jikokin Alhaji ne. Ku ce haka Allah Ya ba shi."

"Mu ce haka ta tattara lefenta ta koma? Ke ba a gabanki aka yi na baya ba? Yaron nan na Roni har an sa rana. Uwarsa ta shigo gaisuwa, ta tarar da wannan yana zagaye turmi yana kaɗa hannu kamar kaza. Ta sake dawowa? Sadiqa wata guda ba ta fito tsakar gida ba. Ƙawayenta duk da goyo. Kina so ta tsufa a ɗakin Hajiyarmu saboda abin da cikinki ya zubo mana?"

"Cikina ni kaɗai?"

"To mu dai tun kakanninmu ba mu san shi ba. Je ki tambayi uwarki Ya Kura a Babura, ita ta san abin da ke danginta."

"Kar ki sa uwata a ciki, Yaya. Ina ganin girmanki."

"Kina gani da kin zauna inda aka ajiye ki. Wata nawa aka ce ki yi haƙuri? A ɗaura aure kawai, a kai yarinya ɗakinta. Shi ke nan sai ki ɗebo su ki kawo tsakiyar duniya, ranar da muka fito da baƙi, har ya fasa wa jikan matar baki!"

Sai yanzu abubuwa suka fara haɗuwa a kan Mas'uda. Ranar kawo gaisuwa da aka ce ta zauna a ɓangarenta, ta kulle ƙofa, wai don kar hayaniya ta dami Musaddiƙ. Hoton sallah da aka yi a zauren Alhaji, jikoki duka, aka ce ai nata sun yi barci. Ita kuwa har godiya ta yi, tana cewa an fara tausaya wa yaron.

"Sadiqa ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kuma in kin isa ki faɗa mata."

Nan zuciyar Mas'uda ta ɗan karye. A duk gidan, Sadiqa ce kaɗai ke shigowa ta yi wa Ummi kitso, ita kaɗai Musaddiƙ ke yarda ta yanke masa farce. Ita ce ta ɗinka wa Ummi rigar da ke jikinta yanzu. Sadiqa na son Halliru, ko sunansa aka ambata sai ta rufe fuska.

"To bayan biki fa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Bayan an kai ta, sai ku je ku ce musu ƙarya muka yi? Ko haka za su tabbata, su girma a gidan ubansu ana nuna su ana cewa agola?"

"In an je can a san yadda za a yi."

"Ba za a san komai ba, kin sani. Maganar da ta je Gwiwa ta tafi ke nan. Gobe Ummi ta girma, a zo neman aurenta, a ce wane ne waliyyinta? A je neman wani uba da babu shi?"

Halima Sa'adiyya ta kalli ƙafafun yarinyar da ke reto a bakin benci, ta taɓe baki.

"Ki bari a zo neman tukuna."

Hannun Mas'uda ya ɗaga da kansa. Sai da ya kai daidai kafaɗa ta riƙe shi da ɗayan.

"Mare ni mana," in ji Halima. "Mare ni ki ga ko za ki kwana a gidan."

"Umma," Ummi ta ce a hankali, "mene ne agola?"



Mas'uda ta durƙusa, ta juya wa yarinyar baya, ta ja ta ta goye. Ta ɗaure zanin farko, ta ɗaure na biyu, ta rufe fulas. Musaddiƙ ya gaji, idonsa ya yi ja, ta san in bai kwanta ba wani tashin yana hanya. Wannan faɗan ba na bayan shagon lemo ba ne.

"Tambaya ɗaya, Yaya. Abbansu ya sani?"

Halima ta gyara mayafi.

"Ga ƙaramar ƙofa can ta wajen masu babur. Ki bi ta nan, kar ki bi ta rumfa."

"Ya sani?"

"Wuce, Mas'uda."

Ta kama hannun ɗanta. Za ta tafi. Ba don Halima ba, don Sadiqa, da kuma yaron da ke tangaɗi a gefenta. A ranta tana cewa bai sani ba. Yayarsa ce da uwarsa suka ƙulla, shi ana aikensa nan da can. In ya dawo gida ta faɗa masa, da kansa zai je ya warware.

Taku kaɗan suka yi daga bayan shagon, Ummi ta zabura a bayanta har zanin ya kusa kwancewa.

"Abba! Umma, ga Abba! Abbaaa!"

Mas'uda ta juya.

Shi ne. Farar shaddar da ta goge masa da safe, hular da ta karya masa. Yana tahowa daga wajen masu askirim, leda cike a hannu ɗaya. A wuyansa kuma wata 'yar yarinya ce mai ribbon, ƙanwar Hussain, ta riƙe masa kunnuwa tana dariya, shi ma yana dariya yana yi mata sukuwa.

Aiken Alhaji ke nan. Shi ya tuƙo su.

Ummi ba ta taɓa hawa wuyan nan a waje ba. Ko masallacin idi bai taɓa riƙe hannun Musaddiƙ ya je da shi ba.

Ya gan su. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya sauke yarinyar a hankali, ya tsaya kamar an kafe shi.

"Abba, na hau jirgi! Yaya ya yi tuƙi!"

"Me... me kuke yi a nan?"

"Abin da ka zo yi," in ji Mas'uda. "Kawo yara wasa."

"Sharfu, raka ta bakin ƙofa ka sa ta a adaidaita," Halima ta faɗa da sauri, tana tura shi. "Yi maza, yaron ba ya jin daɗi."

"Wa za a sa a adaidaita ga mota?"

Hajiya Shatu ce. Ta gaji da zaman rumfa, ta biyo sawu, Hussain na riƙe da gefen zaninta. Sharfuddeen ya ɗan rusuna.

"Hajiya, ga askirim ɗin."

Ba ta karɓa ba. Ba shi take kallo ba. Musaddiƙ ne ya saki hannun uwarsa ya tafi wajen uban, bai kalle shi ba, kamar yadda ba ya kallon kowa, ya dai jingina kansa da cinyarsa ya tsaya. Hular ta zame ta faɗi.

Dattijuwar ta kalli goshin yaron. Ta ɗaga ido ta kalli goshin mutumin. Ta kalli girar nan mai haɗewa a tsakiya, ta sama da ta ƙasa. Ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni dai na yi shekaru a duniya, ban taɓa ganin agolan da ya ɗebo kamar mijin uwarsa haka ba. Har kunnen."

Halima ta yi dariya da ƙarfi.

"Kai, Hajiya! Ai sabo ne, in yaro ya daɗe a hannun mutum..."

"Halima, ba da ke nake ba."

Dariyar ta tsaya.

Hajiya Shatu ta gyara tsayuwa. Muryarta ba faɗa a ciki, amma babu wasa.

"Sharfuddeen, ni aiko ni aka yi. Ɗan ƙanina zan sa a gidanku, abin da na gani shi zan koma in faɗa, kuma Allah zai tambaye ni. Mata mun iya zance, na ji nasu. Kai namiji ne, kai ne wan yarinya. Yaran nan biyu, naka ne ko ba naka ba ne?"

Masu wucewa sun fara rage tafiya. Mai lemo ya leƙo ta tagar shagonsa.

Mas'uda kallonsa kawai take. Mutumin da ya yi kuka a barandar asibiti ranar da likita ya ce Ummi ba za ta taka ba. Mutumin da ya yi wa yaron nan kiran salla a kunne da bakinsa. A ranta tana roƙonsa: kalma ɗaya ce, Abban Ummi. Faɗe ta, ni zan durƙusa in roƙi matar nan kar ta fasa auren Sadiqa. Zan bi ta har Gwiwa in roƙe ta.

Ya kalli yayarsa. Halima ta zare masa ido.

Ya kalli ledar hannunsa, askirim ya fara narkewa yana ɗiga a kan takalminsa.

Bai kalli Mas'uda ba.

Ya sa hannu ya ɗan janye kan yaron daga jikinsa.

"Yadda aka faɗa miki ne, Hajiya. Da su ta zo. Ni riƙo nake."

Halima ta sauke numfashi.

"To kin ji. Mu je rumfa, rana ta yi."

"Abba," in ji Ummi daga bayan uwarta, "ni ba ka ba ni nawa ba."

Mas'uda ta sunkuya ta ɗauki hular ɗanta, ta kaɗe ta, ta mayar masa a ka, ta rufe kunnuwan da kyau. Ta jawo shi jikinta. Ta ƙara tamke goyonta. Hawayen da take jin tsoro bai zo ba, idonta a bushe yake ƙamas.

"Hajiya, ki ɗan tsaya."

"Mas'uda!" Halima ta daka mata tsawa. "Wallahi in kika..."

"Hajiya, ke uwa ce, kuma bincike kika zo. Ga Babura nan, ba nisa. Ki tura a tambaya. Daga ɗakin uwata aka ɗauko ni aka kai ni ɗakin mutumin nan, ina budurwa. Ban taɓa auren kowa ba kafin shi. Waliyyina yana raye, waɗanda suka shaida suna raye."

Har mai gugguru ya daina kiran ciniki.

Sai a lokacin ta juya ta fuskanci mijinta.

"Ka ce ba naka ba ne. Na ji, Hajiya ta ji, mutanen nan sun ji. To ni miji ɗaya na sani a duniya. Tunda ba kai ka haife su ba, Sharfuddeen, faɗa wa jama'a da wa na same su."

Tunda aka yi aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ledar ta suɓuce daga hannunsa.

Hajiya Shatu ta saki hannun jikanta, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta juyo gare shi gaba ɗaya.

"Muna jinka," ta ce.